Yadda Maitama Ya Koya wa Biskit Tabarma

A layinmu na Ƙofar Kwaya ba a taɓa jin Maitama ya ce bai iya wani abu ba. Ya iya gyaran janareta, shi ya sa janaretan Aminu tela yake zaune a ƙofar shago har yau ana ɗora masa takalma. Ya iya kiwon kifi, kuma a yi masa adalci, kifayen sun rayu lafiya har zuwa ranar da ya yanke shawarar zuba musu gishiri a ruwa don su saba tun da wuri. Mutum ne mai kirki, mai doguwar gaisuwa, ba ya fashin suna ko jana'iza. Aibinsa ɗaya ne: in ya kalli bidiyo a waya har ƙarshe, to a wurinsa ya kammala karatun wannan fannin, saura a ba shi ɗalibai.

Yayarsa Hajiya Rahmatu tana aure a GRA, a gidan Alhaji Yahaya, ɗan kasuwar da ya gina sabuwar gonar kaji a bayan gari yana neman wanda zai riƙe masa ita. Maitama ya sa wa kujerar nan rai sosai. Har kaftani biyu ya kai wa Aminu ɗinki, ya ce a yi musu aljihun sama mai faɗi, irin na manaja. Shi kuwa Alhaji, da yake akwai wasa tsakaninsa da ƙanin matarsa, duk ranar da aka tayar da maganar gona sai ya tambayi lafiyar kifi.

Ana cikin haka Kausar, ɗiyar Alhaji, ta dawo daga karatu a ƙasar waje da digiri ɗaya da kare ɗaya. Karen bai kai girman kyanwa mai ƙoshi ba, fari tas, gashi ya rufe masa ido, sunansa Biskit. Ba ya gadi, ba ya farauta. Abin da ya ƙware a kai shi ne fitsari, kuma a nan ba ya zaɓen wuri: falo, ƙafar kujera, bakin matakala, takalmin baƙo. Hajiya Rahmatu ta ce a zaɓa, ko ita ko shi. Ranar da ta faɗi haka, Maitama yana zaune a falon yana shan lemo.

"Ai wannan ƙaramin aiki ne," in ji shi. "Karnukan sojoji ma da hannu ɗaya ake horar da su."

Alhaji ya ce, "Ka taɓa horar da kare?"

"A aikace dai ban taɓa ba. Amma ilimin yana nan."

"Kamar na kifi."

"Kifi ba ya jin magana, Alhaji. Kare kuwa ɗalibi ne."

"To ga ɗalibi nan, ka tafi da shi. Ranar da ka dawo mana da shi ya san inda ake tsugunawa, na ba ka gona. Ga yayarka nan shaida."

Kausar ta rako shi har bakin get tana cewa, "Kawu, don Allah kar a dake shi. Kuma ba ya cin tuwo."

A kan acaɓa ya iso layinmu, da kwali a cinya. Muna zaune a ƙofar gidan Malam Shehu, inda majalisarmu take. Malam Shehu shi ne dattijon layi, kuma abin da aka san shi da shi shi ne karrama baƙo: kafin ka gama sallama ya riga ya kakkaɓe tabarma ya shimfiɗa maka, ko da tambayar hanya ka zo yi. Ya leƙa cikin kwalin, ya daɗe yana kallo.

"Maitama, mi ne ne wanga?"

"Kare ne, Malam."

"A'a, na san kare. Wannan audugar matashin kai ce ta yi ƙafafu."

Aminu ya ce, "Yana haushi kuwa?"

"Yana yi," in ji Maitama, "sai dai ba da harshenku ba."

A cikin gida tarbar ba ta kai haka armashi ba. Matarsa Jummai ta tsaya da muciya a hannu.

"Baban Ummi, me nake gani a tsakar gidana?"

"Gonar kaji kike gani, Jummai. Ki dube shi da kyau."

"Ina dubansa. Gonar kajin tana fitsari a gindin turmina."

Nan take ta kafa dokoki. Ba ya shiga ɗaki, ba ya shiga madafa, ba ya kusantar buta. Duk abin da ya lasa kuwa, Maitama ne zai wanke shi sau bakwai da hannunsa, ta farko da ƙasa. Biskit kare ne mai son sanin ɗanɗanon komai, don haka ba a jima ba hannun Maitama ya yi laushi ya yi haske, har Aminu ya tambaye shi wane mai yake shafawa.

Hanyar horon a bidiyo ya samo ta. Wata Baturiya ce take shimfiɗa wata takarda ta musamman a ƙasa, in kare ya yi abinsa a kai sai ta yabe shi ta ba shi lada. Maitama ya zaga kasuwa yana neman takardar. Wani mai shagon magani ya saurare shi har ƙarshe cikin ladabi, sannan ya miƙo masa ƙunzugun jarirai. Ya dawo gida bai karaya ba.

"Abin da Bature ke wahalar nema da takarda," ya gaya wa Jummai, "mu mun gaje shi tun kaka da kakanni."

Ya jawo tsohuwar tabarmar roba daga bayan ƙofa. Kamar kowane ɗan gari, hannunsa bai iya shimfiɗa tabarma ba sai ya kakkaɓe ta tukuna. Fat, fat, sannan ya shimfiɗa. Shi bai san yana yin haka ba. Biskit ya sani.

Maganar lada ta ɗan ja. Ya fara da ƙuli-ƙuli. Biskit ya shinshina, ya ɗago ya yi masa kallon da ake yi wa wanda ya zo neman aiki ba takardu. Ya gwada ƙosai, aka maimaita kallon. Daga nan ya tuna da gwangwanin dambun naman da Jummai ta yi da naman layya ta ɓoye a bayan akwatinta. A nan aka daidaita.

Dole in faɗi gaskiya, ko da ba ta yi mini daɗi ba: hanyar ta yi aiki. Fat, fat, sai Biskit ya sheƙo daga duk inda yake, ya hau tabarma, ya yi, ya koma gefe ya zauna ya ɗaga ƙafa ɗaya yana jiran dambu. Bai ma tsaya nan ba. Ya gano cewa ladan nan ba a kan yawa ake ba da shi ba, a kan zuwa ne. Sai ya daina zubar da hajarsa gaba ɗaya, ya koma sakinta ɗigo-ɗigo. Ya hau, ya ɗiga, ya karɓa, ya zaga turmi, ya dawo ya hau. Maitama ya ce wannan alama ce ta ƙwazo.

A majalisa kuwa ba mu ƙara jin wata magana ba. Ya ce a riƙa kiransa Kwamanda. Ya ce in ya kama aikin gona zai buɗe makarantar karnuka a gefe, duk karen da ke GRA sai ya biyo ta hannunsa, daga baya a kawo na Abuja.

Aminu ya ce, "To Kwamanda, da mi kake koya mashi?"

"Sirrin sana'a ne. In na faɗa maka gobe sai in ga allo a ƙofar shagonka, ana ɗinki ana horar da kare."

"Ni da ko akuya ba ta jin maganata?"

"Haka kowane ɓarawon fasaha yake fara cewa."

Wannan sirri da ya riƙe, a ganina, shi ne kaɗai abin da ya taɓa riƙewa da kyau.

Matsala ta fara ne wata hantsi da Jummai ta yanka kuɓewa mai yawa za ta shanya. Ta kakkaɓe tabarma, ta shimfiɗa, ta baza kuɓewa, ta shiga ɗauko faifai. Da ta fito ta tarar da Biskit zaune a gefe, ƙafa ɗaya a sama.

"Kuɓewar miyar wata guda ce, Baban Ummi."

"Ki kwantar da hankalinki ki lura da abu ɗaya. A kan tabarma ya yi, ko a ƙasa?"

"A kan kuɓewata ya yi."

"Ita kuɓewar a kan me take?"

Jummai ta dube shi, ta dubi karen. "To ka ci nasara. Yau da ita za a yi maka miya."

A ranar mun gan shi a teburin mai shayi da rana tsaka, yana bayanin cewa tuwo da rana yana kashe kaifin ƙwaƙwalwa.

Bayan kuɓewa sai Safara'u mai kitso. Ta zo yi wa Jummai kitso da tabarmarta naɗe a hammata, ta kakkaɓe, ta shimfiɗa, ta zauna ta miƙe ƙafa. Ba ta kai ga tsaga ta biyu ba ta ji ɗumi a gefen zaninta. Ta fita ba takalmi, ta ce ita ba za ta ƙara shiga gidan da ake kiwon aljani mai gashi ba. Jummai ta wuni da kai a tsefe, kuma a wunin ne ta je ɗauko dambu don ta huce haushi, ta tarar da gwangwani yana ƙara kamar ganga.

Abin da aka faɗa a tsakar gidan ban ji duka ba, kuma abin da na ji ba na rubutawa ba ne. Amma Maitama ya fito da mafita. Tunda kare ba ya bambanta tabarmar karatu da ta zama, to a hana tabarma. Ya tattara duk na gidan ya jefa kan rufin kwano, ya bar tasa guda. Mata suka koma kujera 'yar tsuguno, yara suka koma cin abinci a kan buhu. Kuma abin ya sake yin aiki: ba tabarma, ba fitsari. Biskit sai ya riƙe kayansa tsaf har a kira shi. Maitama ya buga wa Alhaji waya ya ce ɗalibi ya sauke, a zo a gani.

Ba a ɓoye yake so a yi ba. Ya bi gida-gida ya gayyaci maza, ya ce a zo a shaida abin da ba a taɓa yi ba a Katsina. Ya ɗauko hayar kujerun roba ya jera a ƙofar gida, don ya yi tunanin komai, in ji shi, kuma ba ya son ganin tabarma ko ɗaya a wurin sai tasa. Dalilin ne kawai bai gaya wa kowa ba. Tun asuba ya ɗirka wa Biskit ruwa da madara da wani dambun da ya sayo a kasuwa, ya kuma hana shi tabarma, don kar a zo gaban jama'a ɗalibi ya ce ba shi da abin faɗa.

Alhaji Yahaya ya iso kafin azahar, zai wuce ɗaurin aure a Ƙofar Ƙaura. Ya fito daga mota cikin babbar riga ta sabuwar shadda, fara, ta sha sitaci har tana ƙara in ya motsa. Kausar ta tsaya a jikin mota da waya a hannu za ta ɗauki bidiyo. Aka yi gaisuwa, aka tambayi gida da iyali da kasuwa da gajiya. Maitama, cikin kaftanin manaja, ya nuna wa Alhaji kujerar tsakiya, ya ce a ba shi minti kaɗan, ya shiga ɗauko ɗalibi.

A nan Malam Shehu ya dubi wurin, abin ya dame shi. Jama'a sun fi kujeru yawa, dattawa a tsaye, ga babban baƙo an ɗora shi kan roba.

"Haba jama'a," ya ce. "Alhaji guda bisa kujerar roba kamar mai jiran likita? A layinmu? Ku ɗauko shimfiɗa."

Shi ya fara fito da tasa, sabuwa, wadda ba ya fiddawa sai don manyan baƙi. Da aka ga dattijo ya yi, kowa ya ruga gidansa, don ba wanda yake so a ce shi ne bai kawo ba.

Maitama ya fito daga zaure da tabarmarsa naɗe a hammata, Biskit a gaba ɗaure da igiyar ragon layya. Ya buɗe baki zai fara jawabi ke nan, sai aka ji fat, fat daga dama. Fat, fat daga hagu. Fat, fat har ƙarshen layi.

Igiyar rago an yi ta ne don wuyan rago. Wuyan Biskit kuwa rabinsa gashi ne. Ya zare kai kamar an zare hannu daga aljihu.

Ya fara da ta Malam Shehu, kasancewar shi ne babba. Ya ɗiga, ya tsallaka ta Aminu, ya ɗiga, ya wuce ta gaba. Bai tsallake ta kowa ba, kuma bai fifita mai hali a kan talaka ba. Dattawan da ban taɓa ganin sun yi sauri ba suka tattare wando suka haye kujeru, kowa yana tuna cewa da kayan jikinsa zai yi azahar. Wani ya haye janaretan Aminu, wanda a ranar ya yi amfaninsa na farko tun bayan gyara.

"Kar wanda ya ƙara kakkaɓe tabarma," Maitama yake faɗa yana bin kare a guje. "Jama'a, ku ajiye tabarmi."

Amma mutumin da ya ga ruwa a kan tabarmarsa, abu ɗaya hannunsa ya sani. Aminu ya fizge tasa ya kakkaɓe don fitsarin ya zube. Biskit ya yi kwana ya dawo ya ƙara masa. Ya sake kakkaɓewa, aka sake ƙara masa.

"Kwamanda, karenka ya tsane ni ne?"

"Kai kake kiransa. Sake ta."

"In sake ta ya hau?"

"In ka kakkaɓe ma zai hau."

"To wace irin makaranta ce wannan?"

Shi Alhaji Yahaya bai tashi daga kujerarsa ba. Dariya yake yi har da hawaye, yana nuna Maitama da yatsa, yana cewa Kausar ta ɗauka da kyau a kai wa Hajiya. Ya yi dariya har hannayen rigarsa suka zamo daga kafaɗa. Sai ya yi abin da kowane mai babbar riga yake yi ba tare da tunani ba: ya kama rigar da hannu biyu ya kakkaɓe ta don ta zauna daidai. Sabuwar shadda mai sitaci tana da murya. Fat, fat. Gaban rigar ya sauka ya baje a ƙasa, fari, mai faɗi, ba ko lanƙwasa.

Biskit ya tsaya cak a tsakiyar layi. Ya juyo. Ɗigo ya riga ya ƙare masa, abin da ya rage shi ne babban uzurin da ya adana tun asuba. Ya tako a natse, ya hau, ya zaga sau ɗaya kamar mai duba fili, ya tsuguna. Da ya gama ya sauka, ya zauna a gaban Alhaji, ya ɗaga ƙafa ɗaya.

Kausar ta sauke waya a hankali.

Maitama ya gyara murya. "Alhaji, ina so ka lura da abu ɗaya. Tun da aka fara, bai yi a ƙasa ba ko sau ɗaya."

"Na lura," in ji Alhaji. Bai ɗaga kai daga kallon rigarsa ba. "Me yake jira kuma?"

"Lada."

"Ba shi. Shi dai ya yi abin da aka koya masa."

Maitama ya laluba aljihun manaja ya ba shi dambu. Sannan, da yake shi ba mutum ba ne mai barin magana ta kwana, ya ce, "To maganar gona fa?"

Alhaji ya sunkuya, aka taimaka masa ya zare rigar ta sama a hankali, ya tsaya daga shi sai 'yar ciki a gaban jama'a. Ya dubi layin: tabarmi a jiƙe, dattawa a kan kujeru, Malam Shehu riƙe da tasa da yatsa biyu.

"Maitama, kare guda ka koya wa abu guda, ka tashi unguwa. Kaji dubbai ne a gonar nan. In ka koya musu wani abu, ina mutanen Katsina za su koma?"

Gona dai wani aka ba. Karen kuma ba a karɓa ba. Hajiya Rahmatu ta ga bidiyon, ta ce gidanta shimfiɗu ne tun daga ƙofa har bene, kuma kullum safe ake kakkaɓe su, don haka ɗalibi ya ci gaba da zama wurin malaminsa. Kausar ta tafi bautar ƙasa, tana bugo waya tana tambayar ko yana cin abinci. Yana ci. Har tuwo ya koya.

In ka shigo layinmu yanzu da la'asar, za ka ga abin da babu shi a sauran unguwannin garin nan. Dattijo zai fito da tabarma, ya duba gabas, ya duba yamma, ya durƙusa ya warware ta a hankali kamar mai kwantar da jariri, ya share ƙurar da tafin hannu. Masu babbar riga kuwa tun daga bakin titi suke naɗe ta su rungume.

Jiya na ga Maitama tsaye yana kallon Malam Shehu yana wannan warwara. Ya gyaɗa kai cikin gamsuwa, ya matso kusa da ni.

"Ka gani ko? Kare guda aka ba ni. Dubi yawan waɗanda na horar."